Babi na 9: Idan Dillali Ya Cuce Ka a Cinikin Shago

Darasi na 1: Takardunka

Ka ba da kafin alƙalami, ka biya dillali la'adarsa, sai ga wani da takarda yana cewa shagon nasa ne. Ko kuma dillalin ya kashe waya. Kada ka ruga gidansa da faɗa. Koma gida ka tattara rasit, yarjejeniyar ciniki, shaidar tura kuɗi ta banki, da saƙonninku na WhatsApp. Rubuta sunayen shaidu da ranar da aka biya kowane kuɗi. Idan rubutun ya yi maka wuya, ba komai, yi a hankali, ko ka nemi ɗanka ya taya ka.

Yanzu je shagon hoton takardu ka ce a yi maka kwafi 3 na kowace takarda. Kwafi shi ne wanda inji ya fitar. Asali shi ne wanda aka sa wa hannu da biro. Shafa bayan takardar da yatsa: idan ka ji tudun biro, asali ce. Sa asalin a leda, ka kulle a akwati.

Kwafi ake bayarwa, asali ake riƙewa. Ɗan sanda ya nema, ba shi kwafi. Mai unguwa ya nema, kwafi. Dillali ya ce kawo rasit ya gyara kuskure, kwafi! A nan ɗalibai suka fi faɗuwa, don kunya ba ta barinsu su ce a'a. Ranar da asalin ya bar hannunka, ƙararka ta gurgunce.

Darasi na 2: Bincike

Dokar Amfani da Filaye ta 1978 ta danƙa filayen jiha a hannun gwamna, kuma shago mai satifiket, wato takardar mallaka ta gwamnati (C of O), ba ya komawa sunanka sai da amincewarsa. Kai lambar satifiket ofishin filaye, KANGIS a Kano, KADGIS a Kaduna, AGIS a Abuja, ka biya kuɗin bincike. Za a gaya maka sunan mai wurin, da ko an jinginar da shi a banki. Kamata ya yi ka yi wannan tun kafin ka biya sisi. An faɗa, an maimaita, amma har yanzu mutane na miƙa miliyoyi don kawai dillali ya rantse. A ofishin ma kwafi za ka miƙa.

Darasi na 3: Ina za a kai ƙara?

Fara da wasiƙar lauya mai wa'adin biya. In bai biya ba, gwada sulhu, amma a rubuta abin da aka amince, kowa ya sa hannu. Idan takardar bogi ya nuna maka, ko ya sayar wa mutum biyu, wannan zamba ce: 'yan sanda ko EFCC. Sai dai 'yan sanda ba masu karɓo bashi ba ne. Rikicin mallakar wuri mai satifiket na Babbar Kotun Jiha ne. Kada ka yi jinkiri, doka ta sa wa ƙara wa'adi. Lauya zai duba asalin a gabanka, ka karɓi abinka.

Darasi na 4: Hukumar dillalai

Idan dillalin yana da rajista da ESVARBON, hukumar da ke yi wa ƙwararrun masu kimanta gidaje da filaye rajista a Najeriya, rubuta musu koke. Yawancin dillalan kasuwa ba su da ita. Haɗa da kwafi.