Yadda ake kula da babbar mota mai ƙarfin inji a Zariya

Babbar mota mai ƙofa huɗu da inji mai silinda takwas, irin Dodge Charger ko 'yar'uwarta Chrysler 300C, ba gudu ne yake kashe ta a garin nan ba. Zafi ne, da ƙura, da hannun bakaniken da ya ɗauke ta kamar tsohuwar Fijo 504. Zan yi bayani a kan masu injin HEMI mai lita 5.7, amma mai Marsandi ko BMW ma zai tsinci abin amfani.

Ka fara da sa mata kwamfuta. Ko 'yar Kwatano ce ko a hannun wani ka saya, kafin a kwance ko da noti ɗaya a jona na'urar a soket ɗin da ke ƙarƙashin sitiyari, a karanta abin da motar ke kuka da shi. Ka rubuta lambobin a takarda kafin a goge su. Akwai masu goge wutar gargaɗi su ce an gyara, ba ka kai Kwangila ba ta sake kamawa.

Daga nan sai baƙin mai, kuma a nan ne nake roƙon mai mota ya tsaya da ƙafarsa. Wannan inji yana da tsarin da ke kashe silinda huɗu idan ana tafiya ba tare da an matsa wa inji ba don rage shan fetur, kuma da matsin baƙin mai tsarin yake aiki. Shi ya sa kamfani ya rubuta 5W-20 a kan murfin wurin zuba mai. Za a ce maka: "Alhaji, wannan ai ruwa ne, zafinmu sai mai kauri." Kada ka yarda a zuba 20W-50. Mai kauri ba ya saurin kaiwa saman inji da safe, kuma yana rikita wancan tsarin. Injin yana cin kusan lita 6.6, don haka galan ɗaya ba ya isa. Mai injin lita 6.4 kuwa 0W-40 ne nasa. Shawarata a canza mai da filta duk kilomita 5,000, kuma ka sayi man da kanka a wurin da ka amince da shi, a buɗe shi a gabanka.

Wani abu da ke cin wannan inji a ɓoye shi ne barin sa yana aiki a tsaye. Mutum ya faka a PZ ko bakin kasuwar Sabon Gari, ya bar direba da na'urar sanyaya cikin mota a kunne awa guda. Masu gyaran HEMI sun daɗe suna danganta wannan da lalacewar ƙarafan da ke ɗaga bawul. Ka kunna motar da asuba, ka buɗe bonet, ka kasa kunne. Idan ka ji ƙas-ƙas-ƙas da ke ɓacewa bayan inji ya ɗumama, sau da yawa notin bakin salansa ne ya karye, gyaransa da sauƙi. Idan ƙarar ta ƙi tafiya, kada ka hau babban titi da ita sai an duba.

Mataki na uku shi ne sanyaya inji, musamman kafin zafin Maris da Afrilu. Al'adar garejinmu ce a cire tamostat, wato abin da ke daidaita zafin ruwan inji, a haɗa fanka kai tsaye. A wannan mota kuskure ne babba. An ƙera injin ya yi aiki a wajen digiri 95, idan bai kai ba kwamfutarsa za ta yi ta ƙara masa fetur, filogi su yi baƙi, kuɗinka ya ƙare a gidan mai. Idan tana zafi a nemi dalili: lagireto ya toshe, ko murfinsa ya saki, ko famfon ruwa yana yoyo. Kada a zuba ruwan rijiya ko na leda. A sa ruwan lagireto na gaskiya, kuma irin wanda littafin motar ya faɗa, domin na ƙirar 2013 zuwa sama ya bambanta da na baya, haɗa su kuwa yana sa ruwan ya yi kauri ya toshe hanya. Kada a taɓa buɗe murfin lagireto alhali inji na da zafi.

Da hunturu ya shigo, filtar iska ce abar dubawa duk wata. Ka ɗaga ta ka kalli rana ta cikinta, idan haske bai ratsa ba ka canza. Hura ta da iskar fokanaiza yana yaga takardar, ƙura ta wuce ciki. Filogi kuma sha shida ne, biyu a kowace silinda, a canza su gaba ɗaya. Fetur a gidan mai, ban da 'yan bumburutu.

Giya ba ta son gwaji. Ƙirar 2015 zuwa sama tana da giya takwas ta kamfanin ZF, ba ta da sandar auna mai, filtarta kuma a jikin farantin ƙasa take. ZF na ba da shawarar canza man tsakanin kilomita 80,000 da 120,000, kuma man nata daban ne. Wanda bai taɓa yin aikin ba kada ya koya a kan motarka, gara ka kai ta Kaduna ko Kano. A tuna da man aksil ɗin baya, tunda tayoyin baya ne ke tura motar.

Sai ƙafa. Motar tana da nauyi kuma cikinta yana kusa da ƙasa, ga tudun rage gudu ga ramukan damina a lungunan Tudun Wada da Samaru. Ka hau tudu a karkace, a hankali. Idan ka ji ƙwal-ƙwal a gaba, a ɗaga ta a duba bushin da tayarod, a canza hagu da dama tare, sannan a daidaita tayoyi. Iskar taya a bi abin da ke rubuce a jikin ƙofar direba, a auna da safe. Kafin ka sayi taya ka duba lambobi huɗun da ke gefenta: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. Tsohuwar taya ba ta dace da motar da ke da wannan gudu ba, komai kyan haƙoranta. Man birki a sabunta shi duk shekara biyu.

Batir ɗinta a but yake, ƙarƙashin shimfiɗa. Ka faɗa wa rewaya tun kafin ya fara nema, kuma ka hana shi cire kan batir inji na aiki wai don ya gwada caji, domin hakan na iya ƙona kwamfutar motar. Da mita ake gwadawa: inji na aiki ya kamata ta nuna wajen bolt 14.