Likitancin matuƙa jirgin sama: ta ina likita zai fara?

Toh likita, kafin ka fara neman makaranta a waje ka tambayi kanka wane aiki kake so kayi da wannan karatun, saboda a nan mutane suke ɓarnar kuɗi. In burinka kawai ka riƙa duba matuƙa kana sa hannu a takardar lafiyarsu, baka buƙatar mastas, gajeren kwas ya isa ka fara.

Abin da ake buƙata a Najeriya shi ne rajistarka ta MDCN (hukumar rajistar likitoci ta ƙasa) da lasisin shekara mai aiki, sai shaidar kayi horo a fannin, sannan hukumar kula da sufurin jiragen sama ta ƙasa, NCAA, ta amince da kai a matsayin mai duba ma'aikatan jirgi. Dan Allah ka fara tuntuɓar sashen lafiya na NCAA ka ji wane kwas suke karɓa kafin ka biya ko sisi, ba sai ka dawo da satifiket ba ace maka ba shi ake nema ba. A tsarin Turai kwas na farko awa 60 ne, shi ke baka damar duba masu neman takardar lafiya ta Aji na 2 wato masu tuƙin jirgi na ƙashin kansu, sai kayi na gaba kafin a baka damar duba masu Aji na 1 wato matuƙan jiragen fasinja. Aji na 3 na masu ba jirage hanya ne daga hasumiya.

In kuma so kake ka zama gwani sosai, ko kana aikin sojan sama, toh sai difloma. Wadda tafi suna ita ce DAvMed, diflomar likitancin jirgin sama ta Ingila, ana karatun a King's College da ke Landan wajen wata shida kuma sai ka tare can gaba ɗaya, ga tsadar masauki. Wanda bazai iya barin asibitinsa ba ya duba Jami'ar Otago ta New Zealand ya ji ko har yanzu suna ɗaukar ɗalibai a diflomarsu da ake yi daga nesa ta intanet, ni dai a ganina ita tafi dacewa da mai iyali. Indiya ma suna da cibiya a Bengaluru mai digirin ƙwarewa na shekara 3.

Me ake karantawa? Yadda jiki yake yi a sama. Cikin jirgin fasinja ana riƙe iskar kamar kana kan tsauni mai ƙafa 6,000 zuwa 8,000, oksijin ya ragu, duk iskar da ta maƙale a kunne ko hanji ko ƙirji sai ta kumbura. A ƙafa 35,000 in matsin iskar ya zube, matuƙi bai fi minti ɗaya yake da shi ba kafin hankalinsa ya gushe. Ga ruɗin da kunnen ciki ke jawowa har mutum ya rantse jirgi a miƙe yake alhali ya karkata, ga gajiya, ga lafiyar ƙwaƙwalwa wadda aka ƙara tsananta bincikenta bayan hatsarin jirgin kamfanin Germanwings na 2015, wanda mataimakin matuƙi ya faɗar da gangan, da mutum 150 suka mutu.

Kuma mu nan muna da namu matsalolin da littafin Turawa baya zama a kansu sosai. Sikila, maganin zazzaɓin cizon sauro irin mefloquine da ba a yarda matuƙi ya sha ba, da tsofaffin alhazai masu hawan jini da ciwon zuciya da ake kwasa zuwa Jidda duk shekara, wani ma bai taɓa hawa jirgi ba.

Tun yanzu ka sauke littafin likitancin jirgin sama na ICAO (hukumar sufurin jiragen sama ta duniya) mai lamba Doc 8984 ka fara karantawa, ka haɗa da Annex 1, kundinsu na ƙa'idojin lasisin ma'aikatan jirgi. Sannan ka nemi wani babba da ya riga ya samu amincewar NCAA ka riƙa zama kusa dashi ranar da yake duba matuƙa, in kana kusa da Zariya ma da sauƙi tunda ɗaliban kwalejin koyon tuƙin jirgi duk sai an duba su kafin su fara tashi.