Yadda za ka je Gana buɗe ido daga Maraɗi ka dawo lafiya

Sau uku ke nan ina raka mutanen gida zuwa Gana, kuma duk wanda na ga ya sha wuya a can, ba ɓarawo ne ya ba shi ita ba, da hannunsa ya sayo ta. Batun fasfo da kuɗin mota ba sai na faɗa maka ba. Hanya kuwa, tun da aka shiga rikicin rufe iyakoki a 2023 kullum cikin sauyawa take, don haka ka nemi ƴan kasuwar da suka dawo cikin makon nan ka tambaye su, kada ka tafi da labarin bara.

Fara da katin rigakafin zazzaɓin shawara. Sai allurar ta kwana 10 a jikinka katin ke fara aiki, kuma sau ɗaya ake yin ta a rayuwa. Na san akwai masu sayen katin ba tare da an tsira musu allura ba, wai suna sauri. Sauron da ke ɗauke da cutar ba ya karanta kati. Ka haɗa da gidan sauro a jakarka, domin can sauro ba ya jiran damina.

Disamba ko Janairu za ka tafi. Kudancin ƙasar damina biyu gare shi, babbar tana kamawa wajen Afrilu zuwa Yuli, kuma ruwan Yuni a Akara yana iya tsare ka a ɗaki yini guda. Zafinsu bai kai namu na watan Afrilu ba, amma gumi ba ya bushewa. Shaddar nan mai sitaci ka bar ta gida, ka ɗauki yadi mara nauyi.

Sefa ba ta sayen ko ruwan leda a Gana, sai sidi. Ka riƙa canzawa kaɗan-kaɗan, don abin da ya rage a hannunka in ka mayar sefa asara za ka yi. A 2007 suka cire sifili huɗu daga kuɗinsu, amma har yau wasu tsofaffi a kasuwa da tsohon lissafi suke magana. In mai awara ko mai ayaba ta ce dubu goma, sidi ɗaya take nufi. Masauki kuwa, ni ban yarda a kai baƙo unguwar da ba zai ji kiran salla ba. Ka sauka Nima ko Sabon Zango a Akara: Hausa ake yi, ga koko da ƙosai da safe, ga shinkafa da wake da suke kira wace, ga tuwo da dare.

Yanzu ga abin da ya sa na zauna rubutun nan, teku. Mu ƴan tudu ne, ruwan da muka sani shi ne Gulbin Maraɗi in ya kawo da damina, sai tafkin Madarunfa. Wanda ya iya iyo a waɗannan yana ganin ya gama da ruwa. Haka ɗan ƙanwata ya ɗauka. Mun isa bakin teku a garin Kef Kos da la'asar, wani mai tsire Bahaushe ya dube mu ya ce, "Alhaji, ka ja wa yaron nan kunne, ruwan nan ba ya wasa." Yaron ya yi dariya ya ce, "Kawu, ni da nake ƙetare gulbi?" Sai ya zaɓi wani wuri da ya ga ya fi kwanciya, inda igiyar ruwa ba ta fashewa, ya shiga da dogon wando, waya a aljihu. Kafin in naɗe tabarma ya yi nisan da ban iya jin muryarsa, hannu kawai nake gani yana tashi yana nutsewa. Masunta biyu ne suka bi shi suka fiddo shi, yana aman ruwan gishiri, laɓɓansa sun yi fari fat.

Wurin da ya zaɓa shi ne mafi haɗari a duk bakin. Ruwan da igiyoyi ke turowa kan rairayi dole ya koma, to yakan tattaru ya bi ta hanya ɗaya ƴar siririya, kamar kwata, da gudun da ya fi ƙarfin gwanin iyo. Alamarsa: gefe da gefe kumfa na tashi fari, tsakiya kuwa shiru, launin ruwan ya fi duhu ko ya gauraye da yashi, ganye da leda suna tafiya ciki maimakon fitowa. In ka ga haka, matsa gaba. Dokata ga duk wanda ya biyo ni ita ce ruwa kada ya wuce gwiwa, kada ka juya wa teku baya don ɗaukar hoto, kada ka shiga da riga mai tsawo ko hijabi mai jan ƙasa, domin in suka jiƙe nauyinsu kamar an ɗaura maka buhu. In kuwa ƙaddara ta sa ya ja ka, kada ka yi kokawa da shi kana neman komawa ta inda ka shigo, nan ƙarfi ke ƙarewa. Ka kwanta rigingine ka ɗaga hannu, ko ka yi iyo a kaikaice, kana bin tsawon gaɓa, har ka fita daga kwatar. Wayar yaron dai ba ta sake kunnuwa ba, gishiri ya cinye ta.

Wuraren gani kuwa, ka shiga mota a tashar Kaneshi da ke Akara da sassafe, tafiyar kamar awa uku ce zuwa Kef Kos, kuma kada ka bi hanyar nan da dare. Ka ga gidan bayi na can, sannan na Elmina da Turawan Fotugal suka gina a 1482. Ka shiga ɗakunan ƙasa inda aka tsare mutane kafin a loda su jirgi. Kuɗin shiga na baƙo ya fi na ɗan ƙasa, kada ka tsaya gardama. Washegari ka nufi dajin Kakum, inda aka rataya gadojin igiya bakwai a saman itatuwa, sama da mita 30 daga ƙasa. Mai jiri ya zauna ƙasa ya tsare takalma. In kwanaki sun rage, Kumasi da kasuwar Kejetiya don tsaraba, arewa kuma giwayen dajin Mole da tsohon masallacin Larabanga. In kana son ganin jiragen masunta suna shigowa Elmina da kifi, kada ka sa ranar Talata, ba sa fita teku ranar.