Darasi Na 9: Shiga Aikin Gayya A Unguwarku

Idan damina ta ƙarato, za ka ga matasa a unguwannin Katsina da shebur da manjagara da baro suna yashe kwata. Ba hukuma ta ɗauke su ba, ba kuma biyansu ake yi ba. Sun san idan leda da yashi suka toshe hanyar ruwa, ruwan zai koma gindin katanga, ginin ƙasa kuwa ba ya jimre jiƙa. Iyayenmu sun yi gayya a gona da yaɓen gida da haƙar rijiya. Har yau tana nan, sai dai yawancinta ta koma hannun ƙungiyoyi.

Wanda ya shigo ajin yaƙi da jahilci da girmansa yakan ɗauka ƙungiya sai 'yan boko. Ba haka ba ne. Magini, tela, mai Keke Napep, ungozoma, mai sayar da ƙosai, kowa akwai gurbinsa.

Fara daga mai unguwa

Mai unguwa ya san ƙungiyoyin da ke aiki da gaske, ya kuma san waɗanda suna kawai gare su. Limamin masallacinku ma haka. Karanta wannan hirar da babbar murya:

"Ranka ya daɗe, barka da hantsi."

"Barka kadai, Malam. Lafiya dai ko?"

"Lafiya lau. Ina so in riƙa ba da tawa gudummawa a aikin unguwa. Kafinta ne ni, kuma ina da sarari ranar Asabar da safe."

"Madalla, Allah ya yi albarka. Kwamitin makarantar firamare na neman mai gyara bencina. Ka dawo bayan La'asar in haɗa ka da shugabansu."

Lura da abin da mutumin nan ya yi. Bai ce "duk abin da aka sa ni zan yi" ba. Ya faɗi sana'arsa, ya faɗi ranar da yake da sarari. Wanda ya zo a haka, nan take ake sama masa aiki.

Ƙofofin shiga

'Yan agajin da kake gani da kaki suna shirya sahu a filin Idi da wajen tafsiri 'yan ƙungiyoyin addini ne, irin su Jama'atu Nasril Islam, wadda Sardauna Ahmadu Bello ya jagoranci kafawa a 1962, da Fityanul Islam, da Izala. Akwai kuma ƙungiyar Red Cross ta Najeriya, wadda doka ta kafa a 1960. A irin waɗannan wurare ake koyon taimakon gaggawa: yadda ake tsai da jini, yadda ake ɗaure karaya kafin a kai asibiti, yadda ake kwantar da wanda ya suma. Ranar da masifa ta sauka, kamar ambaliyar da ta auka wa Jibiya a 2018, mai wannan sani ake nema ido rufe.

Makarantun firamare na gwamnati suna da kwamitin iyaye da mutanen gari da ke sa ido a kansu, haka ma ƙananan asibitocin mazaɓu. Akwai kuma masu kula da maƙabarta, masu cike kaburburan da ruwa ya zaftare da gyara shinge. Aiki ne da ba a ganin mai yinsa, amma kowa zai bukace shi. Sintiri da sha'anin tsaro kuwa daban ne, yana da nasa dokoki, kuma ba a shigarsa sai ta hannun hukuma.

Mata suna da ƙofar da maza ba su da ita, domin su ke shiga cikin gida. A ranar 25 ga Agusta, 2020, Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanar cewa nahiyar Afirka ta rabu da ainihin ƙwayar cutar shan-inna. Matan da suka bi gida-gida cikin rana suna lallashin iyaye suna da babban rabo a wannan nasara, kuma rigakafin bai tsaya ba. Mace za ta iya tambaya a asibitin unguwa, ko a Islamiyyarta, ko wajen ƙungiyar mata Musulmi ta FOMWAN da aka kafa a 1985. Ko raka maƙwabciya mai juna biyu awo ma aiki ne babba.

Wanda ba shi da lokacin zuwa taro yana iya ba da jini. Ana so mutum ya kai shekara 18, nauyinsa ya kai kilo 50, kuma yana da ƙoshin lafiya. Za a gwada jinin tukuna, sannan a ɗebi leda ɗaya, wajen mililita 450. Namiji kan jira wata 3 kafin ya sake bayarwa, mace wata 4. Ka je ɗakin gwaje-gwaje na Babban Asibitin Katsina ko Asibitin Koyarwa na Tarayya ka ce ka zo ba da jini kyauta. Mai naƙudar da jini ya ɓalle mata da yaro mai sikila su ke jiran wannan leda.

Bayan ranar farko

Nan ne gizo ke saƙar. Katsina na cikin jihohi 11 na Arewa da ke cikin shirin dasa itatuwa don tare hamada, kuma mutanen Daura da Mai'aduwa da Zango da Baure sun san iskar da ke kwaso rairayi ta zuba a gona. Ranar dashe jama'a kan cika, a ɗauki hoto, a watse. Amma ɗan bedin da aka dasa yana son kewayen ƙaya don kada akuya ta cinye shi, yana son ruwa tun daga ɗaukewar damina har saukar wata daminar. Mutumin da ya ɗauki itace 2 kacal, ya riƙa zuba masu ruwan alwalarsa kullum, ya fi wanda ya dasa 50 ya tafi. Don haka ka ɗauki abin da za ka iya, ko awa 2 ne a mako. Ranar da uzuri ya taso, ka aika tun da wuri a sani.

Karatun da kake koya a ajin nan ma gudummawa ne. Ƙungiyoyin unguwa da yawa ba lalaci ke kashe su ba, zargi ne a kan kuɗin karo-karo. An tara, an kashe, ba wanda ya rubuta, sai ka ji ana "ina kuɗinmu?" Sayi littafi mai layi. Raba shafi gida huɗu: kwanan wata, suna, abin da ya shigo, abin da ya fita. Duk abin da aka saya a karɓi rasit, a lanƙaya a bayan littafin. A ƙarshen wata a karanta lissafin a gaban kowa, mutum 2 su sa hannu. Ko rubutunka bai miƙe ba tukuna, ka fara a haka.

Ka kuma yi hattara da wanda zai zo da sunan ƙungiya ya ce ka biya kuɗin fom za a sama maka aiki ko tallafi, ko ya nemi lambar BVN ɗinka ko lambar sirrin katin banki. Kada ka bayar. Ka koma wajen mai unguwa ka tambaya.

Aikin aji

1. Rubuta sana'arka da ranar da kake da sarari, a jimla ɗaya.
2. Gidaje 12 sun ba da Naira 500 kowanne don yashe kwata. An sayi shebur 2 a kan Naira 2,000 kowanne. Nawa aka tara, nawa ya rage? Shigar da lissafin a shafi mai gida huɗu.
3. Ku kasu biyu-biyu, ɗaya ya zama mai unguwa, ɗaya mai neman shiga, ku maimaita hirar da sana'arku ta gaskiya.
4. Kafin zama na gaba, nemo sunan ƙungiya ɗaya a unguwarku da ranar da take taro, ka rubuto ka kawo wa malami.