Darasi na 7: Hatimin da ba ya jabu

To jama'a, yau za mu ga abin da ke faruwa idan ka shiga wata manhaja da adireshinka na Google. Manhajar nan fa ba ta taɓa ganin kalmar sirrinka, Google ce ke yanka maka 'yar takardar shaida, masu harkar na ce mata tokin, ita ake miƙa wa manhajar ta buɗe maka ƙofa.

Irin wanda aka fi amfani da shi sunansa JWT, kashi uku ne, ɗigo ya raba su. Na farko yana faɗin irin hatimin da aka buga, na biyu ya ce wane ne kai da lokacin da takardar za ta mutu, na Google awa 1 ne kacal. Na uku shi ne hatimin.

Nan ne wurin da nake so a natsu. Mabuɗi biyu ne, kamar tagwaye. Ɗaya na sirri, yana wajen Google a ɓoye, da shi kaɗai ake buga hatimi. Ɗayan kuma na kowa, an baza shi a intanet kyauta, amma dubawa kawai yake yi, ba ya bugawa. Kamar wasiƙar fada ce, duk mai unguwa ya san hatimin sarki in ya gani, amma sanin nan bai ba shi ikon bugawa ba. Sai dai na sarki gwanin sassaƙa zai iya kwaikwaya, wannan kuwa lissafi ne da aka ɗaure shi da rubutun takardar, ko harafi ɗaya aka canza hatimi ya ƙi hawa sai a watsar da ita. Dabarar ba ta yau ba ce, Diffie da Hellman suka fito da ita a Amurka a 1976, a 1977 wasu uku, Rivest da Shamir da Adleman, suka kawo RSA, wata hanyar lissafi ta buga irin wannan hatimi da mabuɗi biyu.

Abin da mutane ke mantawa, hatimi ba ambulan ba ne. Duk wanda tokin ya faɗa hannunsa zai karanta abin da ke ciki, wani sa'in ma ya shiga da sunanka kafin tokin ɗin ya mutu. Shi ya sa in ka ari wayar wani ko kwamfutar shago, ka fita daga asusunka kafin ka tashi.

Aiki: ku zauna bibbiyu, ɗaya ya bayyana wa ɗaya dalilin da ya sa mai mabuɗin kowa ba zai iya haɗa tokin na bogi ba.