Kurakuran da aka fi yi wajen tantance babbar lambar firam

Lambar firam ita ce wadda ta haura 1, kuma ba wata lamba da ke raba ta babu saura sai 1 da ita kanta. A ƙananan lambobi abin a fili yake. Idan lamba ta yi girma ne mutane ke ganin kama su ce shi ke nan, alhali ba a kawo hujja ba.

Inda aka fi zamewa shi ne lambobin Mersenne, masu siffar 2^p − 1 (2^p na nufin 2 × 2 × 2 … har guda p). Dole p ta zama firam kafin a sa rai, amma hakan bai isa ba. Ga 11, firam ce, duk da haka 2^11 − 1 ta ba da 2047, wato 23 × 89. Marin Mersenne kansa, wanda lambobin ke ɗauke da sunansa, ya sa 67 cikin jerinsa na p ɗin da ya ce suna ba da firam, sai a 1903 Frank Nelson Cole ya nuna cewa 2^67 − 1 ita ce 193,707,721 × 761,838,257,287. Maganin wannan shi ne gwajin Lucas da Lehmer. A fara da 4, a ninka ta da kanta, a cire 2, a raba da lambar Mersenne ɗin, a riƙe saura. A maimaita da sauran da aka riƙe, har a yi sau p − 2 gaba ɗaya. In saura na ƙarshe 0 ne, firam ce. A gwada da p = 5, wato 31: za a sami 14, sai 8, sai 0.

Gwajin Fermat ma yana ruɗin masu koyo: don gwada lamba n, ana ɗaukar wata lamba a, wato tushe, a raba a^(n − 1) da n, in saura 1 ne, n ta tsallake. Da shi ake tankaɗe, ba ya yanke hukunci. Lamba 341 tana tsallake shi da tushe 2, ga ta kuwa 11 × 31. Ita 561, wato 3 × 11 × 17, ta fi haɗari, domin tana tsallake gwajin da duk tushen da 3, 11 ko 17 ba sa raba shi. A koma ga gwajin Miller da Rabin da tushe daban-daban, sannan a nemi cikakkiyar hujja in ana so a ce an tabbatar.

Wasu kuma sun ɗauka in aka ninka lambobin firam na farko-farko da juna aka ƙara 1, firam za ta fito. 2 × 3 × 5 × 7 × 11 × 13 + 1 ta ba da 30,031, wato 59 × 509.

Akwai kuskuren da na'ura ke jawowa. Excel gurbi 15 kawai yake riƙewa. A rubuta masa 2305843009213693951, wadda ita ce 2^61 − 1 kuma firam ce tabbas, zai mayar da huɗun ƙarshe sifili, sai ka ga 10 tana raba ta. Manhajojin Python ko PARI/GP ake amfani da su, don suna riƙe lamba cif.

A kuma daina cewa "firam mafi girma", domin Yuklid, masanin lissafi na zamanin tsohuwar Girka, ya nuna ba su da iyaka. "Mafi girma da aka sani" ake cewa, tare da shekara: a Oktoban 2024 Luke Durant na GIMPS, shirin neman firam na Mersenne ta intanet, ya gano 2^136,279,841 − 1, mai gurbi 41,024,320.