Yadda Za A Shirya Walima Irin Ta Mutanen Hawai A Zariya

Mutanen tsibiran Hawai, waɗanda suka zama jiha ta 50 a Amurka a 1959, suna kiran babbar walimarsu luau, kuma sukan yi ta ne don aure, ko kammala karatu, ko cikar jariri shekara guda. Ana danganta cin abincin maza da mata tare da shekarar 1819, lokacin da Sarki Kamehameha na Biyu ya soke dokar gargajiya da ta raba su wurin ci, ta kuma hana mata ayaba da kwakwa. Mai son gwada wannan girki a Zariya zai sami gwaza da kwakwa da dankali a kasuwar Sabon Gari, sai dai a nemi ganyen ayaba tun da wuri wurin masu lambu.

Aikin da ya fi cin lokaci shi ne naman rami. Mutanen Hawai da alade suke yi, mu kuwa rago ya wadatar, kuma ya fi ɗan akuya dacewa saboda kitsensa yana hana naman bushewa. A haƙa rami mai zurfin kamu biyu, a hura itace a ciki, a jera duwatsu a kai har su yi ja, abin da kan ɗauki awa 2 zuwa 3. Kada a yi amfani da duwatsun rafi, domin ruwan da ke cikinsu yakan sa su fashe idan suka ji wuta. Bayan an kwashe ragowar itacen, sai a shimfiɗa dakakken jikin ayaba da ganyenta a kan duwatsun, a ɗora naman da aka shafe da gishiri, a rufe da wani ganyen, sannan jiƙaƙƙen buhun algarara, sannan ƙasa. Duk inda aka ga tururi yana fita a toshe shi, domin tururin ne ke dafa naman. Bayan awa 6 zuwa 8 sai a tone, a yayyage naman da hannu. Gishiri kaɗai ake sa masa, kodayake babu laifi a ajiye yaji a gefe, tunda baƙon Zazzau ba zai yafe ba.

Abin da ake ci da naman shi ne poi, wato kirɓaɓɓiyar gwaza. A dafa ta har ta yi laushi sosai, a ɓare, a kirɓa a turmi ana yayyafa ruwa kaɗan-kaɗan har ta yi santsi kamar damammiyar fura mai kauri. Wasu sukan bar ta kwana ɗaya ko biyu ta yi ɗan tsami. A al'adar mutanen Hawai gwaza tamkar babban wan ɗan Adam ce, saboda haka ba a jayayya matuƙar akushinta yana buɗe.

Ganyen gwaza ma ana cin sa: a naɗe gutsuren nama da kifi mai gishiri a ciki, a sake naɗewa da ganyen ayaba, a turara na awa 3 zuwa 4. Wannan shi ne laulau. Gaggawa a nan kuskure ce, domin ganyen da bai nuna ba yana sa ƙaiƙayi mai tsanani a maƙogwaro. Ɗanyen kifin da suke ci kuwa, gara a bar shi, ganin nisanmu da teku da kuma zafin garinmu. A mirtsike bandar kifi da tumatir da albasa a madadinsa.

Kayan zaƙinsu, haupia, a yi shi tun daren jajibiri. A dama cokali 5 na sitacin masara a rabin kofin ruwa, a zuba cikin kofi 2 na madarar kwakwa da sukari cokali 4, a riƙa juyawa a kan wuta kaɗan har ya yi kauri. A juye a faranti, a sa a firji ya daskare, a yanka shi ƙanana-ƙanana idan baƙi sun zauna a tabarma.